Naltrexone, Maganin da Ke Dusashe Daɗin Maye

Naltrexone magani ne da likitoci ke bai wa mai neman rabuwa da giya ko da ƙwayoyin dangin opium, wato su heroin da tramol da kodin. A Amurka aka fara haɗa shi, kuma hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da shi ga masu shan irin waɗannan ƙwayoyi a 1984, sannan ga mashaya giya a 1994.

A ƙwaƙwalwa akwai wasu gurabe da ƙwayoyin ke sauka a kai su bugar da mutum. Naltrexone yakan riga su shiga gurbin ya zauna, kamar ɗan makullin da ya maƙale a kwaɗo: bai buɗe ba, bai kuma bar wani ya shiga ba. Shi kansa ba ya bugarwa, jiki kuma ba ya sabawa da shi har ya kasa bari. Ga mai shan giya kuwa, daɗin yake ragewa, sai kwaɗayin ya yi sanyi. Amma wanda ya sha giyar zai yi tangaɗi yadda ya saba.

Akwai ƙwayar miligiram 50 da ake sha kullum, akwai kuma allurar miligiram 380 da ake yi a ɗuwawu sau ɗaya a wata. Allurar ta fi dacewa da mai yawan tsallake magani, domin ƙwayar da aka bari a aljihu ba ta toshe komai.

Wajen farawa ne ake yawan samun matsala. Dole mutum ya yi aƙalla kwana 7 zuwa 10 bai taɓa irin su heroin, tramol ko kodin ba. In akwai saura a jiki, maganin zai ture su nan take, sai amai da gudawa da zufa da ciwon gaɓoɓi su taso gaba ɗaya. Haɗari na biyu yana bayan an daina shan naltrexone: jiki ya manta da tsohon sabo, adadin ƙwayar mayen da mutum ke haɗiya a da yana iya tsayar masa da numfashi. Likita kan kuma duba lafiyar hanta kafin ya rubuta shi.

A Najeriya, inda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, iyaye da yawa na neman abin da zai raba 'ya'yansu da shaye-shaye. Naltrexone ba na saye a kemis a zuba wa yaro a shayi ba ne. Da sanin mai shan ake farawa, a hannun likita, tare da zaman nasiha da bibiya.