Onagadori, Zakaran da Ake Riƙe wa Wutsiya

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma a Japan an daɗe cara tana raba zakara da wuƙa. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya haramta cin naman saniya da doki da kare da biri da kaza a watannin noma. A zamanin ba don tukunya ake kiwon kaji ba, zakara shi ke gaya wa gari asuba ta yi. Littafin Kojiki na shekarar 712 ya kawo labarin Amaterasu, abar bautar Japanawa ta rana, wadda ta yi fushi ta shige kogo, duniya ta yi duhu, sai aka tara zakaru masu dogon cara a bakin kogon don a jawo ta waje. Har yau zakaru na yawo a harabar wurin bauta na Ise, ba mai taɓa su.

A cikin jikokin waɗannan tsuntsaye babu wanda ya kama raina kamar onagadori na ƙasar Tosa, wato lardin Koci na yanzu a tsibirin Shikoku. Kowace kaza tana zubar da gashi duk shekara, sabo ya fito. Shi kuwa wannan zakara, wasu gasun wutsiyarsa ba sa zuba, sai dai su yi ta tsawo, kusan mita 1 a shekara, har an samu wanda tasa ta haura mita 10. Da irin wannan gashi ake ƙawata māsun sarakunan Tosa idan za su fita da gayya.

Kyan nan da wahala ake samunsa. Zakaran yana zaune ne a kan sanda cikin wani akurkin katako mai tsawo, matsattse, don kada ya juya ya tattake wutsiyar. Idan an fito da shi miƙe ƙafa, sai mutum ya bi bayansa riƙe da ita. An ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wannan dai ba muzurun da zai kai gare shi, amma bai san daɗin tonon juji ba, kuma ina tausaya masa gwargwadon yadda nake sha'awarsa.

Daga shekarun 1960 kajin gidan gona 'yan Amurka suka cika Japan. Yau mutumin Japan yakan ci ƙwai sama da 300 a shekara, har ɗanye yake fasawa a kan shinkafa mai zafi da safe. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in ji 'yan magana, kuma kasuwa ta bi wannan ra'ayi. Kazar onagadori ba ta ƙwai da yawa, masu kiwon ma sun yi ƙaranci.

Tun 1952 gwamnati ta sa onagadori cikin halittun da doka ta ba kariya ta musamman. Sai dai doka ba ta share akurki. Muddin matasan Koci ba su karɓi kiwon daga hannun dattawa ba, wutsiyar gajarta za ta yi.