Amfilifaya da tushen wutarta: abin da kwamfuta ke ɓoyewa

Lasifikokin da ke kai kiran salla lungu-lungu a unguwar Kusugu, da waɗanda ake ɗaurawa a ƙofar fadar Sarkin Daura lokacin hawan Salla da bikin Gani, duk sun dogara ne ga amfilifaya, wato na'urar da ke karɓar raunanniyar murya daga makirufo ta ƙara mata ƙarfi. Sai dai na'ura guda kan sha wuta daga tushe uku ko huɗu a yini ɗaya: wutar da jama'a ke kira ta NEPA, da janareto, da batir, da inbata ta sola.

Ɗalibin fasaha mai son haɗa irin wannan na'ura yakan fara gwada da'irar lantarkinsa a kwamfuta kafin ya kama ƙarfen soda, kuma manhajojin da ake wannan kwaikwayo da su, irin su LTspice da Multisim, zuriyar SPICE ce, wadda aka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973. Kuskuren da ya fi kayar da masu koyo shi ne mance maƙallin ƙasa, wurin da manhajar ke ɗauka a matsayin bolt sifili ta auna kome daga gare shi. Idan babu shi, lissafi ba ya tashi sam.

Bayan wannan sai bambancin tushe mai reshe biyu da mai reshe ɗaya. Da'irar da aka tsara wa bolt 35 sama da 35 ƙasa da sifili tana barin sauti ya yi lilo ta ɓangarorin biyu, amma idan aka ɗora ta a kan batir mai bolt 12 ba tare da an kafa mata tsakiya a bolt 6 da rasista biyu, an kuma sa kafasita kafin lasifika ba, rabin igiyar sautin yakan yanke, murya ta shaƙe. Ko an gyara, irin wannan batir ba ya ba lasifika mai om 4 fiye da wat 4.5 na sauti mai tsabta, sai an haɗa amfilifaya biyu suna tura ta daga kai biyu, a kusanci wat 18.

Mafi muhimmanci, wanda kuma ya kamata malamai su dage a kai, shi ne cewa tushen wuta na cikin manhaja ba ya gajiya, alhali na zahiri yana yi. Kafasitar da ke bayan taransifoma da diyod tamkar randa take, ana cika ta sau 100 a daƙiƙa ana kuma ɗiba ba tsayawa. Mai maikirofarad 4,700 da ake jan amfiya 2 daga gare ta takan yi hawa da sauka na kusan bolt 4, wanda kan iya fitowa a matsayin gurnanin nan da ake ji tsakanin kalmomin ladan. Idan kuma wuta ta faɗo daga bolt 230 zuwa 180, bolt 35 yakan koma 27, wat 76 a lasifika mai om 8 ya ragu zuwa kimanin 46.

Saboda haka wajibi ne mai kwaikwayo ya zana taransifoma da diyod da kafasita yadda suke, ya jera wa tushen ɗan rasista da ke wakiltar rauninsa, sannan ya maimaita gwajin a bolt 180 da 230 da 250 kafin ya sayi ko da waya guda a kasuwa.