Hukuncin sayen libarba da gwada ta a cikin unguwa

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Soron Ɗinki. Saboda ɓarayi da masu ƙwace, wani ya yi mini tayin sabuwar libarba, kuma ban taɓa riƙe bindiga ba. Ya halatta in saya, in gwada ta a saman bene har hannuna ya saba?

Amsa: Asalin mallakar makami don kare rai da dukiya halal ne. Sai dai malamai sun tabbatar cewa shugaba yana da ikon ƙayyade abin da yake halal idan akwai maslahar jama'a, kuma bin sa a nan wajibi ne, kamar yadda aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta nuna.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka, irin wadda 'yan bindiga ke bugawa a hawan Sallah, Kwamishinan 'yan sanda ne ke ba da lasisinta. Bindigar farauta kuwa Sufeto Janar ne. Amma libarba da sauran ƙananan bindigogi suna cikin haramtattu, ajinsu ɗaya da bindigogin soja, ba mai ba da izininsu sai Shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin shekara 10. Don haka wadda ake yi maka tayinta a ɓoye, sayenta bai halatta ba. Ba ka ma san hannun da ta bi kafin ta iso gare ka ba, ko da an ce sabuwa ce.

Gwaji a cikin unguwa kuma haramun ne, har ga mai lasisi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin Shaiɗan yana iya fizgar hannunsa. A hadisin Abu Musa (RA) ya umarci mai wucewa ta kasuwa ko masallaci da kibiyoyi ya riƙe tsininsu. To, idan wannan a kan kibiya ne, ina ga harsashi? Ka duba yadda gidajen cikin birni suke, katanga a jikin katanga, lunguna cike da yara. Harsashi yana huda ƙofa da kwanon rufi, kuma wanda aka harba sama ba ya ɓacewa, yana dawowa da ƙarfin da zai iya kisa.

Wanda hukuma ta ba shi makami saboda aikinsa, wurin koyonsa shi ne filin harbi, a gaban ƙwararre. Ya goge man da aka shafa mata a masana'anta, ya tabbatar babu abin da ya toshe bututun, ya sa harsashin da aka ƙera ta dominsa kawai. Mafi yawan libarba ba su da makullin tsaro, saboda haka yatsa ba ya taɓa kunama sai lokacin harbi. Kada kuma yatsu su kusanci tsagar da ke tsakanin tukunyar harsashi da bututu, domin wuta tana fesowa ta nan. In ya ja kunama ba ta tashi ba, ya bar bakinta yana kallon gaba kamar daƙiƙa 30. In ƙarar ta fito da rauni ya dakata, wataƙila harsashi ya maƙale, kuma na biyu zai iya fasa ta a hannunsa. A gida ya cire harsasan, ya kulle kowanne daban.

Idan aka yi tsautsayi rai ya salwanta, cewa kuskure ne ba ya sauke nauyi. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga magada sai in sun yafe, tare da kaffara, wadda a yau ita ce azumin wata biyu a jere. Diyyar kuwa raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare.

Shawararmu ita ce ka mayar da tayin. Ku ƙarfafa tsaron unguwa tare da mai unguwa da 'yan sintiri, ku riƙa kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Wallahu a'alam.