Zoɓon da Ya Kwana Uku

Da zarar an kai gero rumbu, iskar hunturu ta fara tsattsage leɓe, sai ka ga ja ya bazu a tsakar gidajen Dungas ta yankin Damagaram. Zoɓo ne aka shanya a kan tabarmi. A da, gefen gona ake ba yakuwa, ta tsaya a matsayin iyaka tsakaninka da maƙwabci: ganyenta a yi miya, 'ya'yanta, wato gurguzu, a yi daddawar batso, jan ɓawon kuma a bar wa mata. Yau ɓawon nan ya zama kayan kuɗi. Buhunansa na tsallaka iyaka zuwa kasuwar Maigatari ta Jihar Jigawa mai ci ranar Alhamis, daga can su bi Kano da Legas, wasu har Meziko, inda ake shansa kamar yadda muke sha.

Wanda ya rage a gida kuwa, lokacin aikinsa ne ya zo, don bayan kaka ake ɗaura aure. Na tsaya na kalli gwaggona tana haɗa na bikin 'yarta. Ta wanke zoɓon sau biyu saboda yashi, ta zuba a tafasasshen ruwa, ta daka citta da kanumfari da ɗan masoro ta watsa, ta tace, sannan sukari ya shiga. Wata yarinya ta miƙo mata ludayin da aka taɓa jiƙon kanwa da shi, gwaggo ta buge hannunta. Tana da gaskiya. Jan zoɓo daga wani sinadari ne da masana ke kira antosayanin, wanda tsami ke riƙe masa launi. Kanwa kishiyar tsami ce. Ɗigo kaɗan ya isa ya mayar da jan nan ya yi duhu, ya koma wani shuɗi-shuɗi marar sha'awa. Lemon tsami kuma ƙara masa haske yake yi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gorar da aka manta a bayan randa. A rana ta uku robar ta kumbura ta yi tauri kamar ganga. Da aka murɗe murfin sai ta yi tsaki, kumfa ta taso, wani wari ya bugi hanci.

Ba aljani ba ne. A iska, a hannu, a jikin ludayi da bakin gora, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, cikinsu har da yis, irin wanda mai burodi da mai fanke ke saya a shago. Abincinsa sukari. Idan ya samu sukari a ruwa, a rufe, sai ya ci ya fitar da abu biyu: iskar da ta kumbura gorar, da barasa. A lissafi, giram 180 na sukarin gulukos na iya ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iska, kusan rabi da rabi ke nan. Bafaranshen nan Louis Pasteur ne ya tabbatar, tun wajen 1857, cewa masu rai ne ke wannan aiki, ba lalacewa ce kawai ta faɗo daga sama ba. In aka bar gorar a buɗe kuma, wasu ƙwayoyin na daban su karɓi aikin, su mayar da barasar ruwan khal.

Hanyar yis ɗin nan ce masu giya ke bi da gangan. A Beljiyam akwai wata giya ja da ake jiƙa 'ya'yan ceri a cikinta watanni, kuma a Turai da Amurka wasu na dafa irinta a gida da kirfa da kanumfari, su ajiye wa sanyin Kirsimeti. Mai burukutu ma haka: ta jiƙa dawa har ta yi tsiro, don tsiron ne ke narkar da garin ya zama sukari, sannan yis ya samu abin ci. Zoɓon biki ya riga ya tsallake wannan wahala, tunda da hannunmu muka zuba masa sukarin.

Tsakanin zoɓon halal da abin da ya fara juyawa, ashe, zafi ne da kwanaki. Malamai sun san zancen tun kafin Pasteur. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa, ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Yis ya fi kuzari a ɗumi, tsakanin digiri 25 zuwa 35. A daren Janairu, da sanyin Damagaram ke sauka wajen digiri 15, yana tafiyar hawainiya. A watan Afrilu kuwa, da rana ke haura 40, zoɓon safe na iya canza ɗanɗano kafin gari ya sake wayewa.

Akwai abubuwan da ke taka masa birki. Tafasawa na kashe shi, shi ya sa nake ganin jiƙa zoɓo a ruwan sanyi, don tsimin itace, arha ce mai tsada. Kanumfari na ɗauke da wani mai da ke rage yaɗuwar ƙwayoyin, ko da yake ba ya hana su gaba ɗaya. Firij da ƙanƙara na sa su barci, ba sa kashe su. Wuta ta ɗauke na yini guda, su farka. Babbar kafar da suke shigowa kuwa ita ce tsofaffin gorunan roba da yara ke tsintowa a tasha, a ɗauraye sama-sama a ɗura. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ajiye ruwan zoɓon babu sukari, sai za a sha a zuba.

Gwaggo ba ta ɗanɗana na gorar nan ba. Ta sunsuna sau ɗaya, ta ce, "Wannan ya tashi daga zoɓo," ta tuttular a gindin bedi, ta sa aka tafasa ruwa aka wanke gorar.