Sai Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya: Abincin Mai Ciwon Daji Kafin Tiyata

A Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a shekara ta 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, akan ga masu ciwon daji, watau sankara, daga cikin birni da jihohin da ke kewaye, suna jiran a sa musu ranar aiki. Da yawansu ba su isowa sai ciwo ya ci jiki, wuya ya zurma, riga ta yi musu yawa. Sau da dama dangi sun sayar da gona ko dabba sun haɗa kuɗin tiyata, amma abu guda da ba kasafai yakan shiga lissafi ba shi ne abincin da zai ba majinyaci ƙarfin ɗaukar wuƙar likita.

Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Bisa ga ƙiyasin sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekara ta 2022 mutum fiye da 127,000 suka kamu da cutar a Nijeriya, fiye da 79,000 kuma suka rasu.

Ciwon daji yana ramar da mutum ta hanya uku. Da fari, yana kashe sha'awar abinci. Na biyu, idan ƙarin ya fito a maƙogwaro ko tumbi ko hanji, yakan tare hanya, abinci ya ƙi wucewa ko ya dawo. Na uku, cutar tana sa jiki ya riƙa cin naman kansa ko da mutum yana ɗan taɓa abinci. To, jikin da ya kai wannan hali, in aka yanka shi, ɗinki ba ya kamawa da wuri, miki yakan yi mugunya, ƙirji kuma yakan kamu da ciwon huhu saboda majinyaci ba shi da ƙarfin tari.

Likitoci sun daɗe da gane haka. Tun a shekara ta 1936 wani likitan Amurka, Hiram Studley, ya duba waɗanda aka yi wa aikin gyambon ciki, ya ga cewa waɗanda suka zubar da fiye da kashi 20 cikin ɗari na nauyinsu, kashi 33 cikin ɗari sun rasu, alhali waɗanda ba su rame haka ba kashi 3.5 ne kacal. Har ila yau, a shekara ta 2023 mujallar Lancet Global Health ta buga sakamakon wani bincike a kan mutum 5,709 a ƙasashe 75 da aka yi wa aikin sankarar tumbi ko ta hanji. Ɗaya cikin uku an same shi da matsananciyar tamowa, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa adadin ya haura shida cikin goma.

Saboda haka ƙa'idar masana a yau ita ce a auna majinyaci tun ranar farko. Wanda ya zubar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida, a ciyar da shi sosai na kwana 7 zuwa 14 kafin aiki, ko da hakan zai sa a ɗaga ranar, in dai ba aikin gaggawa ba ne. Kada dangi su ɗauki wannan jinkiri a kan sakaci, domin shi ma magani ne.

Abin da ake bukata kuwa yawancinsa yana kasuwar Wuse da ta Gwagwalada. Mai nauyin kilo 50 yana bukatar giram 50 zuwa 75 na sinadarin gina jiki kowace rana, ƙwai guda kuwa yana ba da kamar giram 6. Wake, alale, awara, kunun gyaɗa, kifi, nama mai laushi, madara da nonon da aka dafa, duk suna cike wannan gurbi. Kokon da ba a sa masa kome ba, ko shayi da ruwan lemo, cika ciki kawai suke yi. Tun da yake marar lafiya ba ya iya cin da yawa, sai a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau shida ko fiye a yini. Wanda ba ya iya haɗiya akan sa masa siririn bututu ta hanci zuwa ciki, in hanji ya toshe kuma a ba shi ta jijiya. Sai dai wanda ya daɗe bai ci ba, ba a ɗura masa abinci lokaci guda, domin hakan yana iya rikita gishirin jini ya taɓa zuciya. Da sannu ake ƙarawa, bisa shawarar likita. Mai ciwon sukari ko na ƙoda shi ma sai an tsara masa nasa dabam.

Tsohuwar al'adar barin majinyaci da yunwa tun daga tsakar dare ita ma an sassauta ta. Tun cikin shekarun 1990 wani likitan Danmak, Henrik Kehlet, ya nuna amfanin tayar da majinyaci da ciyar da shi da wuri bayan aiki. Yanzu ga yawancin mutane akan yarda da abinci har saura awa shida, da ruwa har saura awa biyu, amma likitan da zai sa barci shi ke da magana ta ƙarshe.

A shekara ta 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na taimaka wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, Babban Asibitin Ƙasa kuma yana cikin asibitoci shida na farko. Wannan abin yabo ne. Abin da ya rage shi ne a sa ma'auni da masanin abinci a kowane ɗakin tiyata, masu hali da ƙungiyoyin masallatai da majami'u kuma su tuna da kwanon majinyaci yayin da suke tara kuɗin aiki. Mai zuwa dubiya ma, in ya riƙo dafaffen ƙwai da kunun gyaɗa maimakon kwalbar lemo, ya taimaki likita, ya kuma sami lada.