YADDA AKE CANJA WA ICCEN LEMU WURI A GARKA



Sau da yawa mutum yakan dasa lemun tsami, ya yi shekara uku yana jan ruwa daga rijiya yana ba shi, sa'an nan ya gane ba a wurin kirki ya dasa shi ba. Wani ya sa shi gab da katanga. Wani ya sa shi ƙarƙashin dogon yaro, inuwa ta danne shi. Wani kuma an raba gado, iccen ya faɗa rabon ɗan'uwansa. Sai a ɗauko felu a tumɓuke shi da tsakar rana, a kai shi sabon wuri. Bayan kwana goma ganye ya bushe, wahalar shekara uku ta tafi a banza.

Ana iya canja wa icce wuri ya rayu. Masu garka a Mirriya, da Madarunfa, da Jiratawa, da Gaya duk suna iya yin haka da kayan aikin da ke hannunsu. Amma aikin yana da lokacinsa, yana da tsarinsa.

ME KE KASHE ICCEN DA AKA CIRE?

Icce yana shan ruwa da saiwarsa. Manyan saiwoyi aikinsu riƙe icce da kai ruwa sama. Masu shan ruwan su ne ƙanana, sirara kamar gashi, waɗanda ke can bakin saiwa, nesa da gindi. Yawancin na lemu ba su da zurfi, suna bazuwa kusa da saman ƙasa har su wuce iyakar inuwar iccen.

Ganye kuwa kullum yana fitar da ruwa, kamar yadda jikin mutum ke yin zufa. Lemu ba ya zubar da ganyensa duka da rani. Saboda haka in an sare saiwarsa rana ɗaya, ganye yana ci gaba da fitar da ruwa, ga shi babu mai shigo da wani. Ƙishirwa ce ke kashe shi, ko da ƙasar da ke gindinsa a jiƙe take.

Duk dabarar da za mu bayyana a nan manufarta biyu ce: a tafi da ƙananan saiwoyi da yawa, kuma a rage wa ganye asarar ruwa.

WANE ICCE AKE IYA CIREWA?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lemu ɗan shekara biyu zuwa huɗu yana jure canjin wuri. Haka gwaiba da rumman. Lalle ya fi su duka sauƙi. In gindin lemu ya fi dantsen babban mutum kauri, aikin ya yi nauyi, kuma da wuya ya tashi.

Mangwaro yana da doguwar saiwa mai nutsawa ƙasa, shi ya sa babba ba ya son a taɓa shi. Gawo da aduwa sun fi shi zurfin saiwa. Waɗannan a bar su inda Allah ya tsirar da su. Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka nuna amfanin haka da sassaben zamani: a zaɓi tohon da ke kan kututture, a rage sauran, a reni iccen a wurinsa.

In garkar aro ce ko ta gado da ba a gama rabawa ba, a yi magana da masu haƙƙi kafin a kafa felu. Rigimar icce tana daɗewa a cikin dangi.

LOKACI

Lokacin da ya fi kyau shi ne in damana ta zauna sosai, wato daga watan Yuli zuwa farkon Agusta. Ƙasa tana da danshi, iska tana da laima, sama tana yawan rufewa da gajimare. Wannan ne ma lokacin da ake bikin dashen itatuwa a ƙasarmu, ranar 3 ga Agusta, tun shekarar 1975.

Kada a cire icce da bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ganye yana ƙonewa cikin yini guda. Mai rijiya a garka yana iya gwadawa da sanyin Disamba ko Janairu, sai dai iskar hunturu busassa ce, dole a kare iccen da zana.

Ranar aikin a jira la'asar. Iccen zai samu dare guda na hutawa kafin rana ta same shi.

AIKI NA FARKO: YANKAN SAIWA TUN DA WURI

Wannan shi ne aikin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ke ceton icce.

A samu zare a zagaye gindin iccen da shi, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. A ninka tsawon zaren sau biyu. Da wannan tsawo za a ja da'ira kewaye da gindi. Misali: in zaren ya ba da santimetir 15, sai a auna santimetir 30 daga gindi ta kowane gefe. Ƙasar da za a ɗauka ke nan faɗinta santimetir 60, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari.

Daga cikin layin, a haƙa siririn rami mai faɗin yatsa huɗu, zurfinsa santimetir 40. Duk saiwar da aka tarar a yanke ta da adda mai kaifi, yanka ɗaya. Kada a fizge ta, kada a daddatse ta, don raunin da ya tsage yana ruɓewa. Sa'an nan a cika ramin da ƙasar sama wadda aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, a ba da ruwa.

Ba a yanke da'irar duka rana ɗaya. A yi rabi da sanyi, cikin Janairu ko Fabrairu, a ci gaba da ban ruwa kamar kullum. Ɗaya rabin a yi shi da saukar ruwan farko, cikin Yuni. Wanda bai samu yin na sanyi ba, ya yanka a farkon Yuni, ya jira aƙalla sati shida kafin ya cire.

Amfanin wannan shi ne: kowace saiwa da aka yanke takan fitar da sababbi ƙanana da yawa kusa da wurin yankan. Ranar cirewa, masu shan ruwa suna nan kusa da gindi, za su tafi tare da iccen.

AIKI NA BIYU: SABON RAMI

A gama sabon rami kafin a taɓa iccen. Saiwar da ke jiran a haƙa mata rami a cikin iska mutuwa take yi.

A zaɓi wurin da rana ke samu sosai, kuma ruwa ba ya kwanciya da damana. A bar metir 5 zuwa 6 tsakanin lemu da lemu. A yi nisa da katanga da bakin rijiya aƙalla metir 3. A guji kusa da dogon yaro, saiwarsa tana tafiya nesa tana cinye ruwan maƙwabta.

Faɗin ramin ya ninka na ƙasar da za a ɗauko sau biyu. Ga misalinmu, santimetir 120. Zurfinsa kuwa daidai da nata, santimetir 40, kada ya wuce. In rami ya yi zurfi, iccen yana nutsewa bayan ƴan makonni.

Ƙasar sama a ajiye ta gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. A gauraya ta sama da bokiti biyu na takin da ya ruɓe har ya koma baƙi, ba ya wari, ba ya zafi. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara.

AIKI NA UKU: CIREWA

1. Ana gobe za a cire, a ba iccen ruwa sosai in ba a yi ruwan sama ba. Ƙasar jigawa in ta bushe zubewa take yi ta bar saiwa tsirara.

2. A tsinke fure da ɗiyan da ke jikinsa duka. A yanke busassun rassa, da masu ciwo, da waɗanda suka shiga juna. Abin da za a rage kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ganyen. Icce da ganyensa yake yin abinci, kuma da abincin yake gina sabuwar saiwa.

3. A ɗaura tsumma a reshen da ke duban gabas. A sabon wuri ma wannan reshe ya dubi gabas. Ɓawon da ya saba da inuwa in ya juyo ga zafin rana yana ƙonewa.

4. A tattara rassa a ɗaure su da igiya sako-sako, don ƙaya da karyewa.

5. A haƙa ta wajen layin da aka ja tun farko, don sababbin saiwoyi su kasance a ciki. In an kai santimetir 40, a karkata felu ko dagi a shiga ta ƙarƙashi, a yanke saiwar da ta nutsa.

6. A karkata iccen a hankali, a tura tsohon buhu ta ƙarƙashi, a karkata shi ɗaya gefen a jawo buhun. A naɗe dunƙulen ƙasar, a ɗaure tam da igiya.

7. A ɗauka ta buhun. Kada a ja icce ta gindinsa, ƙasar za ta fashe ta tsinke saiwa. Dunƙule irin wannan ya fi buhun gero na kilo 100 nauyi. Aikin mutum huɗu ne. In wurin da nisa a sa amalanke, a tafi sannu.

AIKI NA HUƊU: DASAWA

A saukar da iccen a tsakiyar rami. A gitta sanda a bakin ramin a duba: saman dunƙulen ya zo daidai da sandar, ko ya ɗara kaɗan. A jikin gindi akwai alamar inda tsohuwar ƙasa ta tsaya. Sabuwar ƙasa kada ta wuce wannan alama. In lemun mai aure ne, wurin auren ya kasance sama da ƙasa sosai.

Ga dalili. Wuyan lemu ba ya son danshi. In an binne shi, ko ruwa yana kwanciya a jikinsa, ciwo yana kama ɓawon. Za a ga ƙaro yana tsatsowa daga gindi, ɓawo ya tsage, ganye ya yi rawaya, daga baya iccen ya mutu a tsaye.

A kwance igiya. Buhun leda a cire shi duka, ba ya ruɓewa. A zuba ƙasa har rabi, a zuba bokiti ɗaya na ruwa, a jira ya shanye. A cika sauran, a danna da hannu ko da ƙafa a hankali, a ƙara bokiti biyu. Ruwan ne ke tura ƙasa ta manne da saiwa.

A yi kunya biyu kewaye da iccen. Ƙarama kusa da gindi, kamar taƙi ɗaya daga jikinsa. Babba a bakin ramin. Tsakaninsu ake zuba ruwa, ya shiga dunƙulen ba tare da ya taɓa wuya ba.

A kafa turke a wajen dunƙulen, a ɗaure iccen da tsumma mai laushi, don iskar hadari kada ta girgiza shi. Girgiza tana tsinke sababbin saiwoyi.

RENO

Inuwa: a kafa zana ta gefen yamma, a ɗora ƴar rumfar kara a sama, har sati uku ko huɗu. Bayan haka a rage ta kaɗan kaɗan.

Ruwa: in kwana biyu ko uku suka wuce babu ruwan sama, a ba shi bokiti biyu da yamma. A ƙasar fadama mai laka a rage. A riƙa cusa yatsa cikin dunƙulen, domin yana iya bushewa alhali ƙasar gefe tana jiƙe. Ranin farko bayan dashe shi ne mai haɗari: kada a yanke masa ruwa daga Oktoba har damana ta dawo.

Shimfiɗa: a baza busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa tsakanin kunyoyin, kaurin yatsa huɗu. Tana hana ƙasa saurin bushewa. Kada ta taɓa gindi. A riƙa ɗagawa ana duba gara.

Shinge: a kewaye shi da ƙaya. Akuya ɗaya tana iya cinye sabon toho cikin ɗan lokaci.

Takin zamani: kada a sa sai sabon ganye ya fito ya yi ƙwari. Saiwa mai rauni ba ta jure shi.

YAYA ZA A GANE YA KAMA?

In wasu ganyaye suka yi rawaya suka zube a makonnin farko, kada hankali ya tashi. Iccen yana rage kaya ne. Abin tsoro shi ne ganye ya bushe ƙamas ya maƙale a jikin reshe. In an ga haka, a kankare ɓawo kaɗan da farce. In ciki kore ne, da sauran rai: a yanke abin da ya bushe, a ƙara inuwa, a ci gaba da ruwa.

Sabon toho yakan fito bayan wata ɗaya ko biyu. Furen shekarar farko a tsinke shi. Ɗiya za su dawo bayan shekara ɗaya ko biyu.

IN ICCEN YA YI GIRMA DA YAWA

Akwai wata hanya. Da damana a zaɓi reshe mai kaurin yatsa, a ɓare masa ɓawo a zagaye, faɗin yatsa biyu. A naɗe wurin da ƙasa mai danshi wadda aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, a rufe da leda, a ɗaure sama da ƙasa. Bayan kamar wata biyu za a hango saiwa ta cikin ledar. A yanke reshen daga ƙasan ɗaurin, a rena shi a inuwa, sa'an nan a dasa. Ɗiyansa za su zama irin na uwar. Lemun tsami da gwaiba suna karɓar wannan dabara. Lalle kuwa, reshensa ake yankewa a kafa cikin ƙasa mai danshi ya tsiro.

ABIN TATTAUNAWA

Ƴan ajin yaƙi da jahilci, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Ku auna gindin wani lemu a garinku da zare, ku yi lissafin faɗin ƙasar da za a ɗauka da faɗin sabon raminsa. Wanda yake da iccen da zai cire da damana mai zuwa, ya tuna aikinsa tun da sanyi yake farawa. Mai sauran tambaya ya nemi malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na yankinsa.

Allah ya ba mu damana mai albarka.