Gishirin Manganis: Yadda Za Ku Yi Aiki Da Shi Da Inda Za Ku Ajiye Shi

Manoma da makiyaya, da ku mata masu turkar raguna, zancenmu na yau naku ne.

Kowa a ƙasar Madawa da Buza da Keita ya san bisa tana son lasa. Tun kaka da kakanni ana ba ta kanwa da kantun Bilma, kuma makiyaya kan kora garke har Ingal a ƙarshen damina don gishiri. Yanzu ga dutsen lasa na kanti ya shigo, ga kuma garin da ake haɗawa cikin abincin kaji da na turka. Cikin waɗannan akwai wani gishiri wanda ba na miya ba ne. Sunansa gishirin manganis. A jikin buhu ana rubuta shi da Faransanci, sulfate de manganèse, ko kuwa a gajarce, MnSO4. Gari ne mai laushi, fari da ɗan ja-ja, ba shi da wari, yana narkewa cikin ruwa kamar sukari.

Mine ne amfaninsa? Yana taimakon ƙashi ya yi ƙwari, yana taimakon haihuwa. Ɗan tsakon da ya rasa shi, sai ku ga gwiwarsa ta kumbura, ƙafa ta karkace. Mu ma jikinmu yana bukatarsa, amma kaɗan ƙwarai, wajen miligram 2 a yini, kuma muna samun wannan cikin gero da dawa da wake da gyaɗa da shayi.

To, ku ɗauko alli mu yi lissafi. Saniya ko tunkiya ba ta bukatar fiye da miligram 40 na manganis cikin kowane kilo na busasshen abinci. Cikin buhu mai kilo 100 ke nan gram 4. Kashi ɗaya cikin uku na wannan gishiri ne manganis, saboda haka gram 12 ko 13 sun isa. Bai cika cokalin miya ɗaya ba. Buhu guda mai kilo 25 zai ishi buhun abinci 2,000. Kun ga ashe ba abin awo da tiya ba ne. Mai rago biyu ko uku, shawarata ita ce ya sayi dutsen lasa wanda aka riga aka haɗa, ya bar tsantsar gari ga ƙungiyar da ke da ma'auni da mai karanta shi.

Dutsen lasa ba ya tashi sama. Gari shi ke tashi, kuma a ƙurarsa haɗarin yake. Abin da mutum ya ci, kaɗan ne hanji ke ɗauka, hanta kuma ta tace saura ta fitar. Abin da ya shaƙa kuwa, daga huhu sai jini, bai bi ta hanta ba, ya tafi ya taru a ƙwaƙwalwa. Ba ranar nan za a gani ba. Watanni ne ko shekaru. Da fari kasala da ciwon kai da saurin fushi. Daga baya magana ta yi nauyi, hannu ya riƙa rawa, fuska ta sandare, mutum ya riƙa tafiya bisa yatsun ƙafa. Likitoci suna ce mata tafiyar zakara. Wani likita, John Couper, shi ya fara bayyana cutar a 1837, ga masu niƙan dutsen manganis a ƙasar Sikotlan. A 1955 an rubuta labarinta ga masu haƙar ma'adini a Maroko. In ta yi nisa, ba ta cika warkewa ba ko an bar aikin.

Kada in ba ku tsoron da ya wuce kima. Wanda ya haɗa abinci sau ɗaya a wata, a fili, ba ɗaya yake da mai aikin rami ba. Wanda nake ji wa tsoro shi ne yaron da ke wuni cikin mangaza a rufe yana juye buhu, kullum, babu kome a hancinsa. Mai ciwon hanta, da mai ƙarancin jini, da mace mai ciki, da yara ƙanana, waɗannan kada a sa su wannan aiki ko kusa da shi.

In za ku haɗa, ku fita waje, ku ba iska baya, kuma kada ku zaɓi ranar da iskar hunturu ke kaɗawa. Ku sa takunkumi mai kama fuska sosai. Rawani da kallabi sun fi babu, amma ƙura mai laushi tana ratsa su. Dabara mafi kyau ita ce a narkar da abin da aka auna cikin ruwa, a yayyafa bisa dusa kaɗan, a cuɗa, sa'an nan a riƙa ƙara dusa. Jiƙaƙƙen gari ba ya tashi. Ba a cin goro ko shan taba ana cikin aikin, sai an wanke hannu da sabulu. In ya zube, kada a kawo tsintsiya. A zuba jiƙaƙƙen rairayi a kwashe.

Sauran zancen ajiya. Wani dare wata ɗaliba ta kawo mini gari cikin gwangwanin madara, ta ce in duba mata ko na raguna ne ko na albasa. Babu rubutu ko ɗaya. Ni ma ban iya faɗa mata ba, kuma gwangwanin nan bisa kanta ɗaya yake zaune da na sukarin shayi. Kada ku raba wannan gari da buhunsa. In tilas ne, ku kwafi sunan harafi-harafi ku liƙa. Ku lura da kyau, manganèse daban, magnésium daban, ko da yake sun yi kama a ido da kunne. Wanda bai yi nisa da karatu ba ya dubi hoto: akwai mai jan baki da mutum da tauraro a ƙirjinsa, ma'anarsa yana ɓata jiki sannu a hankali. Akwai mai mataccen kifi da busasshen icce, ma'anarsa yana ɓata ruwa.

A ɗaure bakin buhu, a ɗora shi bisa katako, don laimar damina tana dunƙule shi. Ba cikin rumbu ba, ba ɗakin kwana ba, ba inda yaro ko akuya za su kai ba. Buhun da ya ƙare ba a zuba hatsi ciki. Ruwan wankin kwano kuma a zubar da shi nesa da rijiya. A fadamar Tarka ruwa ba shi da zurfi, kuma rijiyar ban ruwan albasa sau da yawa ita ake sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manganis cikin ruwan sha kada ya wuce miligram 0.08 a lita. Haka nan tabkunan Keita, inda ake kamun kifi ana shayar da bisashe.

In ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15, ido a buɗe, kada a murza. In yaro ya haɗiya, a kurkure masa baki, a ba shi ruwa, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A kai shi likita nan da nan, a tafi da buhun ko takardar da ke jikinsa, don a can su karanta su san abin da ya sha.